Inda Sawu Ya Ƙare

Tun da na dawo daga Madagaskar ban sha shayi da daɗin rai ba. Da na zauna a rumfa ranar kasuwar Belbeji, kafin a zuba na fari wani ya matso: "Idi, wai da gaske ne duwatsun can wuƙaƙe ne?" Wani ya ce an gaya masa na ci naman biri. Taubashina Laminu kuwa rantsuwa yake ban wuce Kano ba, wai na ɓuya a Fagge wata biyu na dawo da ƙarya. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce wa Malam Sani na lakwal, makarantar boko, ya kawo alƙalami, in faɗa sau ɗaya ya rubuta. Mai son ji ya je wurinsa, ni a bar ni in sha shayina.

Kowa a Damargu ya san sana'ata bin sawu ce. Raƙumi ya ɓace, saniya ta bi wani garke, ɓarawo ya kori awaki, ni ake kira. Da wannan na samu aiki wurin wani Bature likitan dabbobi da muke kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Shekara shida muna yawon allurar shanu tsakanin Tanut da Gangara da Ollelewa, ni ne mai nemo masa garken da aka ɓoye, ni ne mai zarge saniya in kayar. A nan na tsinci ɗan faransancin da nake taɓawa. Da aka samu mulkin kai aka ɗauke shi, na ce shi ke nan, mun rabu.

Bayan shekara uku, da kaka, aka kira ni ofishin dabbobi a Tanut aka karanta mini takardarsa. Yana wata ƙasa a tsakiyar teku. Wai a can akwai shanun da suka gudu daji tun zamanin kakanni, ba su da mai su, kuma ana zargin su ke ɗauke da wani ciwo da ke kashe shanun gida. Ana so a ɗebi jininsu a duba, an yi shekara biyu ba a kama ko ɗaya ba. Shi kuma ya tsaya gaban manyansa ya ce ya san mutum ɗaya a duniya da zai iya. Sun ba shi kwana arba'in kafin ruwan sama ya rufe hanya. In ba a kama ba, a tashi sansanin, shi ya sha kunya.

Kaina ya kumbura, ba na musu. Na ce wa akawun ofishin ya rubuta masa cewa ya fara wanke kwalaben jinin. Wannan magana har kasuwa na maimaita ta, kuma ku da kuke karatun nan wasunku kuna wurin.

Matata Hajara ta yi mini dakan gumba da kilishi. Na ɗauki igiyata ta fata, da rabin kantun gishiri, da salkata. Akawun ya ce salkar ta mece ce, a jirgi ana ba da ruwa. Na ce masa ɗan Damargu bai taɓa barin gida da alkawarin ruwan wani ba.

Daga Tanut zuwa Damagaram a bayan kamyon, babbar motar fatu, na je, ƙamshina kuwa ba sai na faɗa ba. A Damagaram aka ɗauki hotona, aka yi mini allura biyu a hannu, aka ba ni fasfo. Ni da na danne shanu dubu aka soka musu allura, da aka zo kaina sai da mutum biyu suka riƙe ni. A kan iyaka ƴan duwan, wato kwastan, suka zazzage jakata. Wani ya ɗaga gishirin ya ce fatauci zan je ke nan? Na ce da rabin kantu? Ya gutsuri kaɗan ya sa a baki, ya ce in wuce. Muna ƙetarawa direba ya koma ɗaya gefen hanya. Na yi salati da ƙarfi, na ɗauka barci ya kwashe shi. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana, nan ƙasar Ingilishi ce, a hagu suke tafiya."

Jirgin sama ba zan ce na ji daɗinsa ba. Na cika salkata a famfon filin jirgi na Kano, na tura ta ƙarƙashin kujera. Salka kuwa kun san halinta, tsatsafo take yi. Muna can sama sai wata Baturiya a bayana ta ɗaga ƙafa tana ihu, ruwa ya shiga takalminta. Aka zo aka karɓe mini ita kamar an kama ɓarawo. Mun sauka wuri biyu da ban riƙe sunansu ba, sannan muka isa babban birninsu, Tananarib, gari a kan tuddai, da sanyi kamar na tsakiyar hunturu. Daga nan wani ƙaramin jirgi mai rawar ɗari ya kai ni arewa, bakin teku. Ina saukowa na hango hayaƙin lofe. Ya rungume ni ya ce da hausarsa ta hanci, "Idi, ka kawo idonka?" Na ce duka biyun.

Yini guda muka yi a landiroba a kan jar ƙasa, har muka zo wata korama inda mota ba ta wucewa. A nan wani tsoho yake jiranmu da ƙaramar amalanke, sa ɗaya ke jan ta. Tsohon siriri ne, ɗaure da zane, ƙafarsa ba takalmi. Sunansa Tombo, shi ke kawo wa sansanin ruwa da itace. Ban ko dube shi sosai ba, sansa na duba. Ja ne mai farar fuska, da tozo kamar namu, a ƙoshe, ba kaska ko ɗaya a jikinsa. Na ce a raina wannan tsoho ya san darajar dabba. Mai Lofe ya ce shi ke nan dukiyarsa, da shi yake noma, da shi yake ci.

Sansanin tanti bakwai ne a gindin wasu itatuwa. An ba ni nawa ni kaɗai, da gadon soja da gidan sauro. Ba irin tantin Buzaye na fata ba ne da iska ke ratsawa, wannan na tamfol ne, da rana ka shiga sai ka dahu. Ban da mu akwai wani Bature da matarsa, aikinsu tun safe su rataya madubin hangen nesa su tafi ƙidayar birai. Birai fa! Kuma ba irin namu ba ne, fuskarsu kamar ta dila, idanu jajaye, wutsiya ta fi jikin tsawo. Ba sa tsoron mutum, don mutanen wurin ba sa taɓa su. Rana ta biyu ɗaya ya shiga tantina ya yi gaba da kilishin Hajara. Na ɗauki dutse, duk sansanin ya yi mini caa, sai na ajiye. To ga amsar mai cewa na ci biri, shi ya ci nawa.

Mai dafa abinci wani Musulmi ne daga wasu tsibirai na kusa, sunansa Ali, mai ƙiba da fara'a. Yana jin faransanci yana jin yaren ƙasar, shi ya zama bakina. Kwana uku yana kallona ina salla, ran nan ya kasa haƙuri.

"Malam Idi, ina kake fuskanta?"

Na ce, "Gabas mana. Kai ina kake fuskanta?"

Ya kama kafaɗata ya juya ni arewa. Ya ce, "Ka wuce Makka tun a jirgi. Gabas ɗin nan ba kowa sai kifi."

Na yi ta gardama, har sai da Mai Lofe ya shimfiɗa taswira ya nuna mini. Na rama sallolina ina istigfari, amma har na bar ƙasar, in na tayar da kabbara sai in ji kamar na ba alƙibla kafaɗa.

Abinci kuwa shinkafa ce da safe, shinkafa da rana, shinkafa da yamma. In an gama sai a zuba ruwa a ƙanzon tukunya a tafasa, shi ne abin sha. Da farko na ɗauka wankin tukunya ake ba ni don raini, daga baya har nema nake. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ga shanu ko'ina amma ba nono, ba fura, ba man shanu. Su shanu na noma ne da na biki, musamman bikin mutuwa. Ga kuka kuma manya-manya, ba wanda ya san ana miya da ganyenta. Na ce wa Ali Allah ya ba su arziki ya ɓoye musu mabuɗin.

Sai dutsen. Yana bayan sansanin, tafiyar ɗan lokaci, ya miƙe kamar ganuwa iya ganinka. Mai Lofe ya ce irin dutsen da ake ƙonawa a yi farar ƙasa ne, ruwan sama ya yi ta cinsa har ya zama haka. Launin toka ne, a tsaitsaye, kowane da kaifi a kansa kamar an kafa takubba dubu. In ka ƙwanƙwasa sai ya yi ƙara kamar ƙarfe. A ƙarƙashinsa koguna ne na ruwa masu bi ta cikin duhu, da kada a ciki, da kuma kogunan dutse inda mutanen wurin suke ajiye matattunsu. Ranar farko na miƙa yatsa ina tambaya, Tombo ya kama hannuna ya lanƙwashe yatsan. Ali ya ce ba a nuna wurin da miƙaƙƙen yatsa, rashin kunya ne ga magabata. Na ce to, a raina kuwa na ce tsoho ka taɓa hannun da ba ka san ko na wane ne ba.

Mai Lofe ya ce in tafi da Tombo ya riƙa nuna mini daji. Na ƙi. Na ce ni da na bi sawun raƙumi kwana shida har bayan Aderbisinat, mai ɗebo ruwa ne zai koya mini?

Na yi abin da kowane ɗan Damargu zai yi. A wurinmu duk abin da ke da rai, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya zo rijiya. Na samu wani tafki da tsohon kashin shanu a bakinsa, na yi bukkar ganye, na zauna. Kwana tara ina gadin tafkin nan. Na ga aladen daji, na ga tsuntsaye kala-kala, na ga hawainiya mai tsawon kamu guda, sauro ya sha jinina har ya gode Allah. Saniya ko ɗaya ba ta zo ba. Me zai kawo ta? Ruwa yana nan a kowane lungu cikin dutsen. Ni kaɗai ne a ƙasar nan nake ganin ruwa abin nema ne.

Na bar tafki na shiga yawo. Sau huɗu ina samun sawu sabo, in bi shi da murna, sai ya kai ni bakin dutse ya ƙare. Dutse ba ya riƙe sawu. Na tsuguna, na kwanta, na shinshina, ba komai. Kwana ashirin da biyu suka wuce. In na dawo sai Mai Lofe ya dubi hannuna ya dubi sama, don gajimare ya fara taruwa da yamma. Kwalabensa suna jere a kan tebur, a wanke tas kamar yadda na ce. Na daina iya kallonsu. Ina tuna rumfar kasuwa, ina tuna dariyar Laminu.

Ranar ashirin da uku na ce yau ko ni ko dutsen nan. A gida in sawu ya ɓace maka, tudu kake hawa ka hanga. Na hau da takalmina faɗe na fata, irin wanda ya kai ni ko'ina a kan rairayi. Ban yi nisa ba dutsen ya yanka su kamar an sa aska. Na ci gaba da rarrafe, tafin hannuna duk jini. Da na kai sama ban hangi komai ba sai wasu takubban, gaba da baya, dama da hagu. Na juyo zan sauka, wani kaifi ya karye a ƙarƙashina, na zurma cikin wata tsaga mai zurfin gaba biyu. Ƙafata ta dama ta tsage daga diddige zuwa tsakiya.

Na yage rawanina na ɗaure. Sama ta zama ƴar siririya a kaina, ban san gabas ba balle arewa. Na yi kira har muryata ta dushe, dutsen yana maido mini da ita. Wasu birai suka taru a baki suna leƙena suna ta kururuwa, na zage su tas. A nan na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce Idi, ga mai nemo ɓatattu ya ɓata, kuma ba wanda ka gaya wa inda za ka.

Wajen la'asar na ji motsi. Na ɗaga kai, sai ga farar furfura. Tombo ne, da ƙafarsa ba takalmi. Ya sauko ta wani gefe da ban ko lura akwai wurin taka ƙafa ba. Ya dubi ƙafar, ya tauna wani ganye ya cusa a ciki, na ga taurari da rana. Sannan ya juya mini baya ya tsuguna. Mutumin nan a shekaru ya haife ni, kuma na fi shi nauyi, amma haka ya goya ni, yana bi ta wasu ramuka da lunguna, yana hutawa yana ɗauka, jinina yana bin bayansa har zanensa ya jiƙe. A bakin dutse jan san nan yana tsaye da amalanke. Shi ya jawo ni gida.

Mai Lofe ya ɗinke ni kamar yadda yake ɗinke jaki. Da na samu kaina na ce wa Ali ya tambayi tsohon yadda ya same ni, tunda ban bar sawu ba. Tombo ya taɓa kunnensa. Wai tun da hantsi ya ji biran suna kukan da suke yi in sun ga baƙon abu a ƙasa, kuma ba su matsa daga wuri ɗaya ba. Biran da na zaga su suka kira shi. Na ce a ce masa na gode, kuma ya yafe mini. Ya ce me aka yi?

Kwana shida ina kwance. Matar mai ƙidayar birai tana kawo mini shayi, Ali yana dama mini sauran gumbar Hajara. Ina kwancen nan na ce wa Ali, "Tsohon nan ya san inda shanun suke, ko?"

Ali ya waiga, ya rage murya. Ya ce, "Duk ƙauyensu sun sani. Amma a wurinsu shanun na magabata ne. Ba a faɗa wa baƙo da baki, ba a nuna masa da hannu. Kada ka tambaye shi, za ka sa shi a tsaka mai wuya."

Ban tambaya ba. Na kira Mai Lofe na ce masa ya yafe mini, na ci amanar yabon da ya yi mini. Ya daɗe yana zuƙar lofe, ya ce ba komai, shi ya yi gaggawa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Tombo yana zaune a bakin tanti yana gyaran igiya, ba ya jin abin da muke cewa, amma ya ga na juya fuska ga tamfol.

Washegari ya zo da sanda ya miƙa mini. Ali ya ce wai ganyen maganin ya ƙare, kuma wai ya fi ƙarfi in mai ciwon ya tsinka da hannunsa. Ya ɗora ni a amalanke muka bi gindin dutsen zuwa kudu, nesa da duk inda na taɓa zuwa. A wani wuri ya tsaya, ya tsinko ganyen, wanda na lura akwai irinsa fal a bayan tantina. Sannan ya zauna a kan wani dutse, ya ba ganuwar baya, ya fito da tabarsa yana kallon sansa.

Na zauna ni ma. Ya ƙi tashi. Na gaji na fara dube-dube. A bayansa akwai wata tsaga da kurangar daji ta rufe, faɗinta bai fi mutum biyu ba. Na dogara sanda na matsa. A gefen tsagar, daidai tsayin tozo, kaifin dutsen ya yi sumul, ga gashi ja da baƙi maƙale a jiki. Na duba ɗaya gefen, haka. Ashe sawun yana nan, ni ne nake neman sa a ƙasa. Na waiwayi tsohon, ko motsi bai yi ba.

Na kutsa. Duhu, ɗoyin jemage, ruwa iya idon sawu. Na yi ta ɗingishi har haske ya bayyana, sai ga wani fili a tsakiyar dutsen, kewaye ta ko'ina, da ciyawa shar da ƙorama. Balbela ta tashi. Ga su nan, sun fi talatin, da maruƙansu, sun ɗaga kai suna kallona. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Sauran aikin nawa ne, kuma a nan kam na iya. Muka yi shinge a bakin tsagar da ma'aikatan da Mai Lofe ya ɗauko daga wani gari, don mutanen ƙauyen ba wanda ya zo. Na farfasa kantun gishirin na zuba. Saniya ko ta ina ce, ba ta ƙin gishirin Bilma. Kwana uku suka fara fitowa lasa. Ina zaune a kan reshe saboda ƙafata, ina jefa igiya. Tara muka kayar, aka ɗebi jini, aka sake su ba ko ƙwarzane. Ranar da kwalba ta ƙarshe ta cika, Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa ya sumbaci goshina. Saura kwana biyu wa'adi ya cika.

Ana gobe za mu tashi, Ali ya ce ƙauyen Tombo suna kiranmu. Muka tarar da jama'a a gindin wata bishiya, dattawa a zaune, mata suna waƙa. A tsakiya ga jan san nan a ɗaure. Tombo ya miƙo mini wuƙa. Ali ya ce wai ni zan yanka, don ya san in ba yankan Musulmi ba ne ba zan ci ba.

Na ce a'a, wannan ya yi yawa, a kawo akuya. Tsohon ya girgiza kai. Na sake ƙi, ya sake miƙowa. To a wurinmu in mutum ya kayar maka da dabba, girma ya ba ka, ƙi kuma cin fuska ne. Raina ya yi fari ƙal. Na ce lallai mutanen nan sun san baƙon da suka samu. Na juya shi arewa, na yi bisimilla na yanka. Na ci nama har na kasa tashi. Har jawabi na yi, Ali yana fassarawa, na ce ko a Damargu ban ga karamci irin wannan ba. Dattawan suna kallona kawai, ba wanda ya yi murmushi. Na ɗauka haka al'adarsu take.

Da safe ba amalanke, a ka aka kai kayanmu bakin korama. Tombo ya ɗauki jakata. Muka yi sallama, ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya faɗi wata magana gajeriya, Ali ya ce wai in gaida mutanen gidana. Muna ƙetarewa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mun yi tafiya mai nisa ina ta yabon walimar jiya. Can Ali ya ce, "Malam Idi, ya hana ni faɗa, amma ba zan iya haɗiye ta ba. Ba walima ba ce. Tara ce."

Na ce tarar me?

Ya ce, "Dattawa sun zauna a kansa tun ranar da ka shiga tsagar. Ya ce bai faɗa ba, bai nuna ba. Suka ce amma ya zauna. Hukuncin mai kai baƙo wurin shanun magabata shi ne ya ba da sa daga nasa. Nasa kuwa ka san guda nawa ne."

Na ce ya san haka kafin ya kai ni?

"Ya sani. Na ce masa me ya kai shi, ya ce jininka ya zuba a bayansa, kuma a wurinsu wanda jininsa ya haɗu da jikinka ɗan'uwanka ne. Ya ce ba zai bar ƙaninsa ya koma garinsu da kai a sunkuye ba."

Na buga wa direba na ce ya juya. Mai Lofe, wanda shi ma sai lokacin ya ji, ya sa aka juya. Muka tarar koramar da muka ƙetara da ƙafa ta zama kogi, tana tafe da itatuwa. Na tsaya a cikin ruwan sama ina ƙwala kiran sunansa, ba kowa a ɗaya gefen. Naman sansa yana cikina.

Mai Lofe ya yi alkawarin zai aika masa da wani in ruwa ya janye. Bayan wata huɗu takardarsa ta zo daga Faransa, an mayar da shi gida, ya ce ya bar saƙon a hannun wani. Ko ya kai ko bai kai ba, Allah ne masani. Na tambayi limaminmu hukuncin yankan da na yi, ya ce da sunan wa na yanka? Na ce da sunan Allah. Ya ce to in bar sauran ga Allah, in riƙa yi wa mutumin addu'ar shiriya da alheri. Ina yi, kowace salla.

Da na iso gida an riga an karanta takardar yabona da Mai Lofe ya aiko a ofishin Tanut, har ana ce mini ga wanda ya kamo shanun da suka gagari Turawa. Na karɓa ban gyara musu ba, don daɗin yabo ya fi ƙarfina. To yau Malam Sani ya rubuta: igiya tawa ce, gishiri nawa ne, amma hanya ta Tombo ce.

A kasuwar Tanut na samu wani ɗan maraƙi ja, na saya na sa a garkena. Yanzu ya zama sa, kun san shi, shi ne wanda ba a ɗora wa kaya. Bara da abinci ya yi wuya na sayar da shanu uku, Hajara ta ce ga wanda ya fi su tsoka na bari. Mahauta sun taya har sun gaji. Jiya ma wani dillali ya bi ni har rijiya yana cewa in faɗi ko nawa ne.

Na ce masa, "Ba nawa ba ne. Kiwo aka ba ni."

Ya ce, "To ina mai shi, in je in same shi?"

Na ce, "Yayana ne. Yana nesa."